Zuwa ga Sarkin Buta na Jama'a

Ɗan Fulani, bawana, labari ya iso mini har Maiduguri. An ce tun da ka dawo daga gashin kansar furostet a asibitin koyarwa na Shika, mutanen Kafanchan suka yi maka naɗi: Sarkin Buta. Wai dare ɗaya ba ka runtsawa, daga shimfiɗa sai bayan gida, ka tsuguna kana jiran fitsari ya zubo kamar ruwan Matsirga, sai ɗigo uku da raɗaɗi. Har ladanin unguwarku ya daina saita agogo, ƙarar ƙyaurenka yake bi.

Da aka ce ka koma wurin likita, sai ka sunkuyar da kai, wai pulaku, kunyar Fulani. Mutumin da ya kwashi makonni yana kwanciya a ƙarƙashin na'ura, ma'aikata na zana masa alama a mara, yau shi ne ke kunyar cewa "fitsari". Ka koma dafa citta, don ka ga daga Kachia har Kwoi ba a rasa ta, kana korawa da shayi mai kauri da goro. To, shayin da goron da yajin nan su ne ke ƙara tsokanar mafitsarar.

Saurari ubangidanka. Gashin da ya ƙone kansar yakan taɓa mafitsara da hanyar fitsari, tunda maƙwabta ne, sai su kumbura. Yawanci abin na lafawa cikin makonni bayan an gama, amma ba a ce ka zauna kana cije leɓe ba. Likita zai fara da awon fitsari ko akwai ƙwayar cuta. In matsalar rashin fita ce, akwai tamsulosin, 0.4 miligiram sau ɗaya a yini, mai sassauta naman da ya shaƙe hanyar. Yana sa jiri in ka miƙe zumbur, don haka ka tashi a hankali, ba irin tashin da kake yi in ka ji an ce ga fura ba. Yakan kuma rage maniyyi. Na faɗa ne don kada ka zargi maƙiya. In za a yi maka aikin yanar ido, ka sanar da likitan ido kana shan sa.

In kuwa matsuwa ce, ba ka kai bayi sai ya zubo, wannan layi daban ne: solifenacin ko oxybutynin, masu busar da baki da taurara bayan gida, wani tsohon ma har su rikita masa tunani. Akwai mirabegron, shi kuma sai ana duba hawan jini. Kuma in mafitsara ba ta juyewa duka, irin su solifenacin na iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya. Haka wasu magungunan mura. Shi ya sa ba yaron kemis ke zaɓa maka ba, ko da kuwa zai ba ka bashi, wanda na san shi ne abin da ke kai ka can.

Ranar da ka ga jini, ko zazzaɓi, ko fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, kada ka jira gari ya waye, babban asibitin Kafanchan na nan, a duba ka, in fitsarin ne ya tsaya a sa maka roba. Jinin ma yakan ɓullo bayan shekaru, ka riƙe wannan.

Ka koma Shika ka buɗe baki. Kuɗin mota na wuyana, a cire daga sanuwar da nake bin ka. Allah ya ƙara sauƙi.