Jagora Ga Mai Shirin Tattara Komatsai Zuwa Kano

Kada ka kuskura ka yanke shawarar barin garinku ranar Sallah. Ranar ce 'yan birni ke dirowa gida da shadda mai maiƙo da waya bibbiyu, suna raba wa yara sababbin kuɗi. Ba mai gaya maka cewa shaddar bashi ce daga Kantin Kwari, waya ɗaya kuma ta daɗe da mutuwa. Bari a kwana goma, ka kira ɗayansu ka ce masa kana nan tafe. In ya fara "Hello? Hello? Sabis ba kyau," to ka sami darasin farko kyauta, kuma shi ne abu na ƙarshe da birni zai ba ka kyauta.

Mu ƙaddara daga Gumel ka fito. Can ɗakinka na gado ne, gero na rumbu, kuka da kuɓewa ba a tambayar kuɗinsu. Da motarku ta sauke ka a tashar Yankaba, sai ka fara sayen abin da ba ka taɓa sanin ana sayarwa ba. Ruwan alwala ma sai mai garuwa ya turo kurarsa, jarka-jarka. Dillali zai karɓi kuɗin ganin gida tun ba ka ga gidan ba, ya zagaya da kai lungunan Kurna ko Rimin Kebe, ya nuna maka wani ɗaki da ya rantse ciki da falo ne (labule ne ya raba cikin da falon), sannan ka biya hayar shekara guda, ka ɗora la'adarsa. Banɗaki ɗaya ne a gidan, 'yan haya kuwa sun ishi ɗaurin aure. Ka koyi riga ladan tashi.

Batun zirga-zirga, manta da acaɓa, tun 2013 aka hana shi a birnin. Adaidaita Sahu za ka hau, wadda aka kawo a zamanin Malam Ibrahim Shekarau don mata su huta da hawa babur. Yau kowa take ɗauka: uku a baya, ɗaya ko biyu a maƙale gefen direba. In gefen ya faɗo maka, rabin jikinka ne ya biya kuɗin mota, ɗaya rabin yana shan iska. Wayarka kuma ta zauna a aljihu har ka sauka.

To amma kada in yi wa birni rashin adalci. Garinku ma yana cajin kuɗi, sai dai da sirrinka kake biya. Sayi tsiren ɗari biyar bayan isha'i, kafin hantsi majalisar bakin kasuwa ta san nawa ne, ta kuma yanke hukuncin cewa matarka ba ta iya miya ba. Tafiyar minti biyar sai ta ci awa guda, don kowane zaure akwai kawun da dole ka durƙusa masa, ya tambayi gida da gajiya da iyali ɗaya bayan ɗaya. Ana gama girbi, sai zaman dara a gindin dalbejiya. In ciwo ya yi tsanani kuwa, Kanon dai za a kwaso ka, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ga Singa, ga Kwari, ga Farm Centre ta 'yan waya: mai ƙafa da baki ba ya rasa na tuwo. Ga kuma Dawanau, inda wataƙila za ka ci karo da geron gonarku, ka saye shi tiya-tiya da tsadar da za ta sa ka yi kewar rumbu.

Wani zai ce maka ai Abuja ta fi. Tambaye shi ina yake kwana. In ya ce Mararaba ko Masaka, jihar Nasarawa ke nan. In Suleja ce, Neja. Abujar da rana kawai yake ganinta, bayan ya ci rabin safiyarsa a cunkoson hanya.

Ni dai a ganina kakanninmu sun fi mu dabara da suka ƙirƙiro ci-rani: a tafi bayan kaka, a dawo da ruwan farko. Ko me dillali zai faɗa maka, kada ka sayar da gona don biyan haya.

In kuwa ka zauna ɗin, Sallah ta zagayo, ari shadda ka je gida. Ba da labarin gadar sama da ta ƙasa, ka yi ƙorafin zafin garin kamar ba nan aka yanke maka cibiya ba. Ranar komawa Inna za ta sa a ɗora maka buhun gero da ƙullin daddawa. Ka ce, "Haba Inna, da kin bar shi," amma sau ɗaya tak, kuma a hankali, kada ta ɗauka da gaske kake. Bayan kwana goma ƙaninka zai kira ya ce yana nan tafe. Ɗaga wayar nesa da bakinka kaɗan, ka fara "Hello? Hello?"