Ai Canza Launi Ne Kawai, Ko?

Na ga yadda ka taɓe baki. Ka ce duk abin da ke damun duniya, sai a kan launin maɓalli za a ɓata maka lokaci? To zauna, malam. Buɗe Android Studio, ka ajiye maɓalli guda a fuskar manhajarka, ka rubuta masa android:background, ka ba shi kore shar. Kunna mu gani. Me ya fito? Shunayya. Murtsuke ido ka sake dubawa. Shunayya dai, ya zuba maka ido kamar ɗan hayar da ya riga ya biya kuɗin shekara.

Ka ce kwamfutarka ce ta tsufa? Baiwar Allah, kullum ita ke shan zagi. Kashe ta ka kunna sau uku, maɓallin nan ko gezau. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, Button ka rubuta, amma wani ne ya amsa kiran. Muddin manhajarka na sanye da jigon Material Components, wanda Android Studio ya fara ɗora wa sababbin ayyuka tun sigar 4.1 a 2020, a ɓoye ake musanya maka shi da MaterialButton. Ƙanin ka aika a kira, aka turo maka yayan mai taurin kai. Shi kuwa ɗan anko ne. Launin da uwar biki ta fitar, wato colorPrimary, shi yake ɗaurawa, kuma a wancan samfurin shunayya ne mai lamba #6200EE. Kai wane ne da za ka zo bikin mutane da atamfarka daban?

Ka ce ai kai ka rubuta shi, dole ya bi umarninka? Haba! Kafin sigar 1.2.0 ta ƙunshin Material, ko kallon android:background ba ya yi. Daga baya ya ɗan yi hankali, yana karɓa, sai dai da zarar ka juya baya ya tsoma abin da ka ba shi a rini. Nan ne gizo ke saƙar. Kai fenti kake shafawa, shi kuwa marini ne, kuma duk zanen da ya shiga karofi da launin baba zai fito. Maganin layi ɗaya ne, har da ɗan ban haushi: app:backgroundTint, ka sa korenka a nan. In kuma wani zane na musamman ka tsara, kana so ya fito yadda yake, sai ka ba rinin @null, ka sallami marinin ya tafi gida.

Na ji ka. Ka ce kai ba ruwanka da XML, a cikin Kotlin za ka yi maganinsa. Madalla da jarumi. Sai ka rubuta setBackgroundColor(R.color.kore), ka miƙe ƙafa. Abin da zai fito ba kore ba ne, ba baƙi ba ne, wani dishi-dishi ne kamar ruwan wankin tukunya. Laifin wa? R.color.kore ba launi ba ne, lambar gidan da launin yake zaune ce. An tambaye ka amarya, ka miƙa adireshi. Lambobin nan da 0x7f suke farawa, Android kuwa ya ɗauki haruffa biyun farko a matsayin kaurin launi, 7f kuma kusan rabi ne, shi ya sa ake hango abin da ke bayansa. ContextCompat.getColor ne ɗan aiken da zai shiga gidan ya fito maka da ita. Af, in daga ginin shafukan intanet ka taso, kula: a CSS haruffan kaurin nan a ƙarshe suke zama, a Android a gaba. Mutane da yawa sun sha kunya a wannan kwanar.

Yanzu ya zama kore, kana ta washe baki. Danna shi. Ka ce me za a danna, ba ga shi ya yi kyau ba? Danna dai. In maɓalli na gargajiya ka shafe da launi ɗaya tilo, kusurwoyinsa masu lanƙwasa sun tafi, haka ma ɗan motsin ruwan nan da ke bazuwa ƙarƙashin yatsa, wanda ya zo da Android 5.0 a 2014. Ka samu bulo mai kyan fenti. Maɓalli ba kaya ɗaya yake da shi ba: akwai na zaman jira, akwai na lokacin da aka taɓa shi, akwai na ranar da aka hana shi aiki. ColorStateList ne akwatin da ake jera su. Ka ƙi shi, sai wani bawan Allah ya yi ta dannan "Biya" har babban yatsansa ya yi tsami, alhali maɓallin a kashe yake, yana sanye da kayan sallah.

Ka ce ka koma Jetpack Compose, ka huta? Sannu da hijira. Sa Modifier.background ka gani: korenka zai laɓe a bayan maɓallin, yana leƙowa ta kusurwoyi huɗu. Can ma ƙofar daban ce, ButtonDefaults.buttonColors, kuma containerColor ake kiran wurin.

Ban ma taɓo dare ba. Tun Android 10 waya ke iya juyewa baƙa gaba ɗaya, kuma in ba ka ajiye wani koren a values-night ba, naka zai riƙa haska idon mutane kamar fitilar babbar mota. Farin rubutu a kan kore mai haske kuwa, ƙa'idar WCAG ta nemi bambancin 4.5 da 1 ga ƙananan haruffa. Ka ce a ɗakinka yana karantuwa sarai? Fita da wayar tsakar rana ka karanta min.

To, ka gyara rini, ka jera kaya uku, ka tanadi na dare. Kai wa mai aikin ya gani. Zai karkata kai, ya ɗan yi shiru, ya ce ai shi ba irin wannan koren yake nufi ba, kuma da ya sake tunani, shunayyar nan ta farko ma ba ta da laifi.