Masu 'Yar Jita Mai Tsada da Ire-iren Kunyarsu

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, garin ya cika da malamai da ɗalibai masu sha'awar abubuwan da iyayenmu ba su sani ba. Ciki har da ukulele, 'yar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake oda ta intanet. To a ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Mutum bai gada ba, bai iya ba, ya kuma zuba kuɗin ragon layya a kan abin kiɗa, ai dole kunya ta kama shi. Sai dai kowa da irin tasa.

Na farko shi ne Mai Rage Farashi. Tambaye shi nawa ya saya, sai ya hau tari. "Ai gwanjo ce, wani ne ya matsu." Uwargida ta san kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, abokai sun san rabi, gaskiyar kuwa tana cikin saƙon banki da ya goge tun ranar. Fargabarsa ɗaya: kada wata rana uwargida ta sayar da ita a farashin da ya faɗa mata.

Na biyu Maɓoyi ne. Gidansu na Kurfi, aikinsa na Dutsin-Ma, 'yar jitar kuwa ba ta da gari, a but ɗin mota take kwana cikin buhun masara. Ba ya taɓa ta sai maƙwabci ya ta da janareta. Ranar da kawunsa ya buɗe buhun ya ce, "Kai, ɗan nan, roƙo ka fara?" sai ya duƙa ya ce, "A'a Kawu, kayan koyarwa ne na ofis."

Na uku Mai Reno. Shi ya ji labarin cewa hunturu na tsaga itace, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ya barci. Ya nannaɗe ta da bargo, ya ajiye kofin ruwa kusa da ita, ya hana yara shiga ɗakin. 'Ya'yansa na yawo da kaushi a ƙafa, ita kuwa kullum tana shan mai. Har yau babu wanda ya ji muryarta.

Na huɗu shi ne Sai Na Ƙware. Ya ga bai cancanci mai tsadar ba, sai ya sake sayen mai araha don koyo. Mai arahar ta ƙi saituwa, ya yi fushi ya jingine ta. Yanzu yana da biyu, bai iya ko ɗaya ba, kuma yana tunanin ta uku.

Na biyar Malamin Tarihi. Ka ce, "Malam, ɗan kaɗa mana mana." Sai ya gyara zama ya fara: asalinta daga 'yan Fotugal ne na tsibirin Madeira da suka sauka Hawai a 1879, masu kyau da itacen koa ake yin su, kamfanin Kamaka kuma tun 1916 yake ƙera su a Honolulu. Duk gaskiya ne. Kafin ya gama an kira magariba, ya tsira ke nan.

Na shida ba ya jin kunya ko kaɗan, mu ne ke ji a madadinsa. Shi ne Mai Hoto. Ya rataya ta ya tafi bakin dam ɗin Zobe, ya lumshe ido, aboki ya ɗauka, a ɗora waƙar wani a TikTok. Duba da kyau, a juye ya riƙe ta.

A gefe kuma akwai Hajiya, mai lissafin gida. Ba ruwanta da Hawai. Da ta ji farashin gaskiya sai ta yi salati, ta mayar da shi buhunan gero da awaki, ta ce, "Allah ya shirye ka."

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Tsadar kaya ba ta taɓa koya wa kowa kiɗa ba, amma kuma ba ta taɓa hana kowa ba. Wanda ya sayi doki mai tsada ba a tambayarsa ko ya taɓa cin sukuwa. In da halalinka ka saya, cefane bai tsaya ba, babu wanda yake bin ka bashin bayani. Ɗauko ta daga cikin buhu, malam, ka kaɗa abinka, amma a hankali, maƙwabta na barci.