Jinsunan Masu Rubuta Bayanin Manhaja a Anaca

Duk wanda ya zauna da samarinmu na Babbar Kasuwar Anaca sa'ad da suke shirin sakin manhajar hira, irin wadda ke gaya wa ɗan kasuwa farashin buhun albasa ta WhatsApp tun motarsa ba ta haye gadar Neja ba, ya san rubuta kod ɗinta da sauƙi. Jidalin yana wajen takardar bayani da za a ɗora a GitHub.

Akwai mai cewa kod ya isa bayani, wanda bai gane ba ya koma makaranta. Akwai mai "gobe in Allah ya kai mu", wanda ya jera kanun magana, ƙarƙashinsu babu ko wasali. Mai fassara kuwa ya nace sai an yi da Hausa da Ibo da Turancin buroka, alhali asalin bai samu ba.

Amma gwanina shi ne Malam Mai Hashiya, wanda ba ya rubuta matani sai sharhi. Ka kawo masa layi uku na yadda ake girka manhajar, sai ya gyara zama a kan buhu, ya tura hula ƙeya, ya ce, "Ɗan'uwa, akwai saɓani a nan," sa'an nan ya buɗe babin lasisi, ya kawo hujjar mutanen MIT masu cewa kowa ya ɗauka muddin ya bar sunan mai shi, ya biyo da ta mutanen GPL masu wajabta wa wanda ya gyara ya rarraba ya buɗe gyaransa, ya kai isnadinta har ga Richard Stallman a 1989, masu baro suna ta ihun a ba su hanya, a kira la'asar bai yi tarjihi ba. Ni da nake goge muƙaddima tun damina sai dai in gyaɗa kai.

Guda ɗaya ne ba ya ba ni dariya: wanda ya rubuta cewa manhajar ba ta ajiye lambar wayar kowa, alhali da hannunsa ya tsara ta tana ajiyewa, har da saƙonnin da ake faɗin buhu nawa aka ɗauko daga Aliero da ranar da kuɗi zai biyo hanya. Dattijon da ya gaskata takardar bai iya karanta kod ba, amana ya ɗauka. Da aka tuhumi gogan, sai ya ce ai komai a buɗe yake, wanda ya damu ya je ya duba.