Wasiƙa Zuwa ga Injin Kwale-kwale Mai Aiki da Batir

Daga Sukuntuni, ƙaramar hukumar Kankiya, jihar Katsina.

Malam Inji,

Ina fatan ka kwana lafiya a ƙarƙashin gadon Kawu, inda aka naɗe ka da tsohon bargo don kada ƙura ta taɓa ka. Mu ma muna nan lafiya, sai ciwon kafaɗa, domin mun koma filafili tun ranar da ka ɗauke wuta a tsakiyar madatsar ruwan Kafin Soli. Na rubuto ne a madadin Kawu, wanda ya ce in da bakinsa zai yi maka magana, ba jaridar da za ta iya bugawa.

Ka san yadda aka yi ka faɗo hannunmu. Kawu ya daɗe yana begen injin jirgi na fetur, irin wanda ya gani a Yawuri, har ya fara tarin kuɗi. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, sai ya yi wa burin sallar gawa. Ana nan sai ga ka a cikin kwali daga Legas, ɗansa ya aiko da kai, gwanjo, tambarinka ya goge. Aka yi maka kirari a waya: ba ka shan mai, ba ka hayaƙi, ba ka ƙara balle ka kori kifi. Duk gaskiya ne. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, wani lokacin tafiyar ma ba ka yi.

Na bincika asalinka, don ba a zama da baƙo ba a san gidansu ba. A shekarar 1934 wani mutum mai suna O. G. Schmidt, a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, ya ciro sitatar mota ƙirar Ford, ya haɗa ta da farfela, ya tsoma a ruwa. Ashe kakanka sitata ce, wadda aikinta a duniya ta yi gurnani sau ɗaya ta kwanta. Gado ba ya ɓuya. Sannan mutanen da aka ƙera ka dominsu, da yawansu don nishaɗi suke su: su kama kifi, su ɗauki hoto da shi, su mayar da shi ruwa. Da na faɗa wa Kawu haka, salati ya yi, ya ce yanzu ya gane dalilin da ba ka damu mu koma gida da komai ba.

Babban ƙorafinmu a kanka shi ne shirun nan naka da ake yabo. Injin ban-ruwa na 'yan fadama in ba shi da lafiya yakan yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya yi atishawa, yaro ma ya san fulogi ne ko datti a kafireta. Kai kuwa barcinka da fushinka da mutuwarka duk kamarsu ɗaya. A murɗa hannu, shiru. Sai mu zauna a kan ruwa muna duba, mu da ba mu gaji bokanci ba.

Mai rewaya na Kankiya, Allah ya saka masa, shi ya fara wanke ka daga zargi. Ya ce yawancin abin da ake ɗora wa irinku laifin batir ne. An rubuta a jikinka cewa ƙarfin turinka fam 55 ne, kuma da bolt 12 kake aiki. In aka murɗa ka zuwa ƙarshe, kana zuƙar wajen amfiya 50. Batir mai lamba 100 ke nan a takarda awa biyu zai yi maka, kuma ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi tsawon rai. Saura awa ɗaya. Mu kuwa batirin mota aka ɗaura maka da farko, wanda aka yi shi don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci, ya tashi mota, mota ta mayar masa da abinsa. Kai tsotsa kake yi a hankali har sai ka ga ƙasan ƙwarya, kuma batirin mota ba ya yafe wannan. Irin na sola kake so, mai jure a sha shi a sake cikawa. Mun tambayi kuɗinsa, mun ɗaga shi mun ji nauyinsa, Kawu ya ce ko dai shi a cikin kwale-kwalen ko batirin.

Ya koya mana karanta mita kuma. Batir in ya ƙoshi ya huta, 12.6 yake nunawa. In ka ga 12.2, rabi ya tafi. Amma ya ce kada mu yarda da shi yana zaune: a kunna ka tukuna a duba, domin batirin da ya mutu yakan nuna lamba mai kyau, ana ɗora masa aiki ya zube. Cajin kuma sai mu kai shi shagon mai cajin waya a kan babur, ya kwana tare da wayoyin gari. Da hunturu, in hazo ya rufe rana, faifan sola ma sai ya ce ba shi da lafiya.

To, an samo batir na aro mai rai, ka ƙi motsi. Mai rewaya ya sunkuya ya dubi kan batirin, ya nuna mana wani farin gari mai ratsin kore da ya taru a wurin kamar an barbaɗa kanwa. Ya zuba ruwan zafi, ya goge da samfefa har dalma ta yi ƙyalli, ya ɗaure da sifana, ya shafa giris. Ya taɓa wayar da muka ƙara maka, ya ji ta da ɗumi, ya tambaya wa ya ba mu shawarar jona ka da wayar fitilar ɗaki. Siririyar waya, in ji shi, a hanya take cinye wutar ta mayar da ita zafi, abin da zai iso gare ka bai kai ya juya farfela ba. Ya sa mai kauri, ya sa fiyus a kusa da batir. Ka tashi. Yaron Kawu ya yi ta tsalle.

Shi yaron nan ne washegari ya jona ja a wurin baƙi, baƙi a wurin ja. Aka murɗa gaba, ka nufi baya da mu, kai tsaye cikin bado, mata masu wanki a bakin ruwa suna kallo. Wannan ban ɗora maka ba, amma da ka yi ko gyaran murya ai da mutuncin dattijo bai zube ba.

Inda na ɗora maka laifi ɗungurungum shi ne kwaɗayi. Ruwan nan namu cike yake da tsohon zaren kalli, da igiyar mamari da ta tsinke, da leda. Ba abin da kake bari ya wuce. Da aka kwance goron farfelarka aka zare ta, sai ga zaren roba ya naɗe sandar, ya narke ya zama zobe mai tauri, sai da reza aka yanke shi. Kuma ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. A bayan farfelar akwai 'yar robar da ke hana ruwa shiga cikinka, zaren ya ci ta. Aka buɗe ka, ruwa ya ɗiga, burushin da ke goga wuta ya jiƙe, tsatsa ta fara kama maganaɗisu. Tun kafin a haifi kakanka akwai minjirya a ruwayen ƙasar Hausa, da wutarta a jikinta, ba ta taɓa neman caji ba, ruwa kuma bai taɓa lalata ta ba. Ka je ka ɗauki darasi.

Saura batun ɗan ƙarfen da ke riƙe farfela a jikin sanda. Da rani ya yi, ruwa ya ja baya, ka daki kututture, ɗan ƙarfen ya karye, sai ka yi ta juyi a ciki kana zuwwa, farfela na tsaye. Wani ya ce a soka ƙusa a wurin. Mai rewaya ya hana, ya ce da gangan aka yi shi ya zama shi ne zai fara karyewa, don kada sandar ta lanƙwashe. Na ce ashe a cikinku ma akwai talaka.

Ga shawarar da aka yanke a gidan Kawu bayan sallar isha'i. Mu za mu riƙa zare farfelarka duk dawowa mu duba zare, mu yi cajin batir a ranar ba sai ya kwana da yunwa ba, mu ɗaga ka in mun shiga wurin da ruwa bai kai gwiwa ba, kuma ba za a ƙara murɗa ka zuwa lamba biyar ba sai in hadari ya taso. Kai kuma za a sa maka sabuwar roba da burushi, an aika Kano a nemo. Kawu yana so ya kai ka Zobe, can Dutsin-Ma, ka ga babban ruwan da aka tare a kogin Karaduwa tun 1983. In ka yi mana shirun nan naka a tsakiyar Zobe, batirin zai koma gidan da aka aro shi ya riƙa kunna fanka, kai kuma mai gwangwan ya riga ya zo ya ɗaga ka ya faɗi abin da zai biya. Filafili biyu za mu tafi da su.

Wassalam.

Naka,
Ɗan 'yar'uwar mai kwale-kwale.