Kafin Ka Hau Na'urar Komawa Jiya

Duk mai niyyar shiga na'urar da ke mayar da mutum zamanin da ya shuɗe, ya fara koyon kula da inda yake sa ƙafa. Babu wanda ya fayyace wannan kamar Ray Bradbury na Amurka, a gajeren labarinsa "A Sound of Thunder" na 1952.

A labarin ana shekara ta 2055. Wani kamfani yana jigilar mafarauta, kuɗin kujera dala 10,000, ya kai su baya shekara miliyan 60 su harbo dainoso, ƙaton ƙadangaren nan na farkon duniya. Kamfanin bai yi sakaci ba. Ya shimfiɗa hanyar ƙarfe mai shawagi a iska, ko ciyawa ba ta taɓawa. Dabbar da za a harba sai wadda aka tabbatar kwananta ya ƙare, a shafa mata jan fenti. In ta faɗi, a zaƙulo harsasan daga jikinta a dawo da su gida. Dalili kuwa, wanda ya kashe ɓera ɗaya ya kashe jikokinsa, dilan da zai ci su ya mutu da yunwa, zaki ya rasa dila, har abin ya iso kan mutumin kogon da al'umma guda za ta fito daga tsatsonsa.

Sai ga wani fasinja, Eckels. Da ya yi ido huɗu da dabbar, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya sauka daga kan hanya. Da aka dawo 2055, rubutun allon kamfanin ya karkace, zaɓen shugaban ƙasa da wani ɗan takara, Keith, ya ci kafin a tafi ya koma hannun abokin hamayyarsa Deutscher mai kama-karya. Eckels ya kankare lakar takalminsa, ya tarar da malam-buɗe-littafi guda ɗaya a mace. Ƙasa guda ta shiga uku saboda taku ɗaya, abin da ban takaici.

Robert Heinlein ya nuna wani hatsarin a labarinsa na 1959, "All You Zombies": matafiyin ya wayi gari shi ne uwar kansa, shi ne uban kansa. Ranar rabon gado, Allah ya taimaki alƙali.

A labaran biyu inji ya yi aikinsa daidai, fasinja ne ya jawo rigima. Don haka mai karatu, in ka san ganin ɓera ma yana sa ka tsalle, ka riƙe dalarka 10,000 ka zauna a gida.