Aljanin Musawa da na Misisipi

Ashe Turawa ma ba a bar su a baya ba wajen camfi. Sun ce Robert Johnson, makaɗin jita na Amurka, ya gamu da Shaiɗan a wata mararraba a Misisipi da tsakar dare, ya sayar masa da ransa, shi kuma ya saita masa tsirkiya. Ya mutu a 1938 yana ɗan shekara 27. Jimi Hendrix da Janis Joplin a 1970, Kurt Cobain a 1994, duk a 27 ɗin suka tafi, sai aka ce wa'adin bashi ne ya cika. Ƙwaya da giya da ƙuncin rai kuwa ba a cika ambatonsu ba, don ba su yi wa hira armashi.

Kai wannan labari teburin mai shayi a Ƙofar Dumi, ba wanda zai ajiye kofinsa. Nan ma akwai mai rantsuwa cewa aljanu ne ke raɗa wa Mamman Shata, ɗan Musawa, waƙa, shi ya sa yake tsara ta nan take. To amma Shata ya haura saba'in kafin ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Ko dai aljanin Musawa ya fi na Misisipi haƙuri, ko kuwa Bakatsinen ne ya fi iya ciniki.